Ƙaramar Jam'iyya Ko Ƙuri'ar Dabara: Wace Za Ta Fisshe Mu A Mamudo?

Wannan shi ne cikakken jawabin da wani ma'aikacin wannan shafi ya yi a gaban taron 'yan Arewa mazauna Ikko, yawancinsu mutanen ƙasar Fataskum ta Jihar Yobe. Mun buga shi domin amfanin 'yan'uwa na Badun, da Shagamu, da Anacha, da Aba, da Fatakwal, waɗanda ba su sami halarta ba.



Kafin in shiga magana, bari in faɗi abin da kowa ya sani, don kada wani ya riƙe ni da shi a zuci. Ni ma'aikacin jaridar jam'iyya ne, a nan nake cin abinci. Amma yau ban zo roƙon ƙuri'ar kowa ba. Abin da ya kawo ni tambaya ce wadda wani ɗan'uwa ya yi mini, direban babbar mota, mutumin Mamudo, mai ɗauko shanu daga kasuwar Fataskum zuwa nan Kurmi.

Ya ce a garinsu akwai wani mutum mai gaskiya da riƙon amana, wanda yake neman kujerar kansila a ƙarƙashin wata ƙaramar jam'iyya, kuma zuciyarsa tana tare da shi. Amma dattawa sun ja kunnensa, sun ce kada ya yi asarar ƙuri'arsa. A ganinsu manyan jam'iyyu biyu ne kaɗai ke iya ci, ɗan takarar ɗaya daga cikinsu kuwa ba su amince da halinsa ba, saboda haka gara a taru a bayan ɗayan, ko da ba a son sa, don a tare wa wancan hanya. Suka rufe da cewa da babu gara ba daɗi. To, ya ce, maganar wa zai bi, ta zuciyarsa ko ta dattawa?

Wannan shawara ta dattawa ita nake kira ƙuri'ar dabara, watau mutum ya bar wanda ya fi so, ya zaɓi wanda zai iya kayar da wanda ya fi ƙi. Ba abin kunya ba ce, ba kuma sayar da kai ba ne. Amma fa ba kullum take zama hikima ba. Amsar da zan ba ɗan'uwana ita ce: kada ya yanke hukunci da zuciya kaɗai, kada kuma ya yanke da tsoro. Ya zauna ya yi lissafi, lissafin kuwa na Mamudo, ba na Abuja ba.

Da farko mu san inda matsalar ta samo asali. A dokar zaɓenmu, kansila ko ɗan majalisa, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da ƙuri'a ɗaya ce ta raba. Babu zagaye na biyu, na biyu da na uku kuwa ba su da ko sisin kwabo. Wani masani Bafaranshe mai suna Maurice Duverger ya bayyana tun 1951 cewa irin wannan doka takan tura jama'a su dunƙule a jam'iyyu biyu, domin kowa yana gudun asarar ƙuri'a. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya dabam. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, Tanja Mamadu ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma da aka je zagaye na biyu sai jam'iyyun hamayya suka haɗa ƙarfi a bayan Mahamman Usman, ya ci. A can mutum ya sami damar bin zuciyarsa ran farko, ya bi dabara ran na biyu. Mu kuwa rana ɗaya muke da ita, dole mu haɗa zuciya da dabara a takarda guda.

To, sai mu tambayi kanmu, mece ce ƙaramar jam'iyya? A nan mutane da yawa suke yin kuskure, suna auna jam'iyya da mudun ƙasa baki ɗaya, alhali kuwa a mazaɓa ake ƙirga ƙuri'a. Tarihin ƙasarmu ta haihuwa ya isa shaida. A zamanin da N.P.C. ke da Jihar Arewa a tafin hannunta, samarin Barno suka kafa B.Y.M. cikin 1954, suka ƙulla ƙawance da N.E.P.U. ta Malam Aminu Kano, a zaɓen 1956 suka ci kujeru biyu a Majalisar Arewa, har Malam Ibrahim Imam ya zama jagoran 'yan hamayya a majalisar.

Haka kuma a 1979, lokacin Mamudo da Fataskum suna cikin tsohuwar Jihar Barno, domin sai ran 27 ga Agusta 1991 aka yanki Yobe. Jam'iyyu biyar suka shiga zaɓen shugaban ƙasa, Alhaji Waziri Ibrahim na G.N.P.P., mai kirarin siyasa ba da gaba ba, shi ya zo na biyar, da wajen kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa. Amma a Barno shi ne na ɗaya, kuma ɗan jam'iyyarsa, Alhaji Muhammadu Goni, shi ya zama gwamna. Da iyayenmu sun saurari mai cewa G.N.P.P. ƙarama ce, kada a yi asarar ƙuri'a, da sun bar abin da ke hannunsu. Kwanan baya ma mun ga irin wannan: N.N.P.P. ta shekara wajen 20 ba wanda ya damu da ita, amma a 2023 ta ci kujerar gwamnan Kano. Saboda haka jam'iyya tana iya zama ƙarama a Abuja, ta zama giwa a Mamudo. Idan mutumin da ɗan'uwana yake so yana da jama'a a unguwanni da ƙauyukan mazaɓar, to, ba ƙarami ba ne, ko wace irin alama ke jikin takardarsa.

Yanzu bari in yi wa dattawa adalci, domin maganarsu tana da tushe. A 1979 ɗin nan, a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, an yi zaɓen 'yan majalisar jiha mako guda kafin na gwamna. N.P.N. ta kwashe kujeru fiye da 60 daga cikin 99. Da magoya bayan sauran jam'iyyu suka ga haka, suka gane cewa idan kowa ya tsaya a kan nasa, Alhaji Lawal Kaita na N.P.N. zai wuce ba hamayya. Sai da yawansu suka ajiye nasu 'yan takara, suka ba Alhaji Balarabe Musa na P.R.P., ya ci da ƙyar. Wannan ita ce ƙuri'ar dabara tsantsa, kuma ta yi aiki.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin da ya gabatar, ya yi mulki ba majalisar zartaswa, ran 23 ga Yuni 1981 kuma aka tsige shi, ya zama gwamnan farko da aka tsige a Nijeriya. Dabarar rana ɗaya ta ɗora shi a kujera, amma ba ta iya riƙe shi a kai ba, domin ba a gina ta daga ƙasa ba. Darasi ke nan: ƙuri'ar dabara tana iya tare wa wanda ba ka so hanya, amma ba ta gina maka gida.

Sa'an nan ga ɗaya fuskar. Kafin zaɓen 1983 G.N.P.P. ta dare, Goni ya koma U.P.N., jam'iyyun hamayya da suka yi ta taron ƙawance suka kasa tsayar da mutum guda, kowa ya ja nasa. Aka ba da sanarwar cewa Alhaji Asheik Jarma na N.P.N. ya ci Barno. Tsintsiya in ta kwance ba ta shara. Sai bayan shekara 30, a 2013, da A.C.N., da C.P.C., da A.N.P.P. mai mulkin Yobe, da wani ɓangare na A.P.G.A. suka narke suka zama A.P.C., sa'an nan 'yan hamayya suka kayar da gwamnati mai ci a 2015. Wannan ya nuna dabara ba ta mutum ɗaya ba ce a cikin rumfar zaɓe. Sai an zauna, an yi shawara, an ƙulla, tun kafin ranar.

To, mu koma gida, mu faɗi gaskiya komai ɗacinta. Zaɓen ƙananan hukumomi ba Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ke yin sa ba, Hukumar Zaɓe ta Jiha ce, gwamna kuwa shi ke naɗa mutanenta. Yobe tana da ƙananan hukumomi 17 da mazaɓun kansila 178, Fataskum tana da 10, Mamudo ɗaya ce daga ciki. A zaɓen Fabrairu 2021, da na Yuni 2024, an bayyana A.P.C. ce ta ci kujerun shugabanni 17 ɗin duka. Kada wani ya ɗauka ciwon jam'iyya ɗaya ne. A 2024 P.D.P. ta lashe 33 ɗin Jihar Oyo duka, N.N.P.P. ta lashe 44 ɗin Kano duka. Mai riƙe da wuƙa shi ke riƙe da nama.

Ku lura da abin da wannan ke nufi ga tambayarmu. Ƙuri'ar dabara ba ta da amfani sai inda dawakai biyu suke gudu kai da kai. Inda kowa ya san wanda zai ci tun kafin a buɗe akwati, babu wanda ƙuri'arka za ta tare. Idan ka bar mutumin kirki ka ba wanda ba ka so, shi ma ya sha kaye, ka yi asara biyu: ba ka kayar da kowa ba, ba ka kuma ɗaga naka ba. A irin wannan wuri, ƙuri'ar da ake kira asara ita ce kaɗai ba asara ba, domin iri ce ka binne.

Wannan ba daɗin baki ba ne, doka ce. Sashe na 225A na Tsarin Mulki ya ba Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ikon soke rajistar jam'iyyar da ta kasa taɓuka komai, cikin abubuwan da ke tsirar da jam'iyya kuwa har da cin kujerar kansila guda ɗaya tak. Ran 6 ga Fabrairu 2020 hukumar ta soke jam'iyyu 74 a rana ɗaya, aka bar 18. Tun kafin wannan, zaɓen ƙananan hukumomi na ran 5 ga Disamba 1998 shi aka yi rariya da shi: jam'iyyu tara suka shiga, uku suka tsira, watau P.D.P., da A.P.P., da A.D. P.R.P. tana cikin waɗanda suka faɗi a wannan rariya, sai a 2002, bayan shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli, ta sake samun rajista. Ashe ke nan kujerar kansila a gari kamar Mamudo tana iya riƙe ran jam'iyya a Nijeriya baki ɗaya.

Na san wani zai ce, in dai sakamakon a rubuce yake, me zai sa in wahalar da kaina? Amsata ita ce, rubuta sakamako ya fi sauƙi a rumfar da ba kowa. Rumfar da mutum 300 suka yi layi, wakilin ɗan takara ya tsaya aka ƙirga a gabansa, ya karɓi takardarsa, ta fi wuyar murɗewa, in an murɗe kuwa kowa a garin ya san gaskiya, manyan jam'iyyu ma sun sani, kuma gobe su za su zo neman sulhu. Bugu da ƙari, ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. Hukunci dabam, aiki da shi dabam, amma ya ɗaga darajar kujerun nan, bai kamata mu bar su ga wanda ya ga dama ba.

Sai dai ina da gargaɗi. Ba kowace ƙaramar jam'iyya ce iri ba, wata ƙaiƙayi ce. Akwai wadda ba ta da ofis sai jakar shugabanta, tana fitowa lokacin zaɓe don a saye ta. Akwai wadda babban ɗan siyasa yake kunnawa don ta raba ƙuri'un abokin hamayyarsa. Akwai kuma rigar aro. 'Yan'uwanmu na Aba sun gani da idonsu a Nuwamba 2024, sa'ad da Z.L.P., wadda ba ta da wani tarihi a Jihar Abiya, ta ci ƙananan hukumomi 15 daga cikin 17 dare ɗaya. Jam'iyyar da ta yi irin wannan girma ba ta tsiro ba ne, dasa ta aka yi. Saboda haka a bincika: wa ke biyan kuɗin motocin ɗan takarar nan? Ina yake a shekarun da ba zaɓe? In ya faɗi, zai zauna a garin ko zai ɓace?

Kada kuma a ɗauki lissafin kansila a kai shi kowace kujera. Mamudo tana da kujera tata a Majalisar Dokokin Jiha mai wakilai 24, wannan zaɓe kuwa Hukumar Ƙasa ke yin sa, kuma a nan ana yin gudu kai da kai. A Maris 2023, a ƙasar Nguru, wani saurayi, Lawan Musa Majakura na P.D.P., ya kayar da Shugaban Majalisar Dokokin Yobe, Ahmed Lawan Mirwa, wanda ke majalisar tun 2003, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 200 ba. Ƙuri'a 200 ai fasinjan manyan motocin safa ne guda huɗu daga nan Ikko. A zaɓe irin wannan, wanda ya ba ɗan takara na uku don huce haushi kawai, ya sani hannunsa yana cikin sakamakon, ko ya so ko bai so ba.

Kujerun nan ba na ado ba ne. Ƙaramar hukuma ce ke da kasuwa, da tashar mota, da mahauta, da maƙabarta, da magudanan ruwa, tana da hannu a makarantun firamare da ɗakunan shan magani, ita ce kuma ke ba 'ya'yanmu da aka haifa a nan Kurmi takardar shaidar asali, wadda ba a samun makaranta ko aikin gwamnati sai da ita. Mutanen Mamudo kuwa sun fi kowa sanin amfanin wakili mai baki. Ba mu manta da daren 6 ga Yuli 2013 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka faɗa wa makarantar sakandaren gwamnati ta garin, suka kashe mutum fiye da 40, yawancinsu ɗalibai. Allah ya jiƙansu. Garin da ya ga irin wannan rana bai kamata ya zaɓi wakili da ka ba.

Ga tambayoyi uku da zan bar wa ɗan'uwana, da ku duka. Ta farko: a wannan mazaɓa, su wa ke kan gaba, kuma mene ne tsakaninsu? Kada a amsa da jita-jitar tasha. A nemi sakamakon rumfunan zaɓen da ya wuce, a tambayi masu unguwanni, a tambayi mata, domin su suka fi cika layi. Idan naka yana cikin biyun farko, ba ka da matsala, ka ba shi. Idan tazarar manyan tana da faɗi ƙwarai, nan ma ka ba naka, ka shuka.

Ta biyu: idan manyan biyu suna kai da kai, bambancin da ke tsakaninsu na gaske ne? Idan ɗaya azzalumi ne sananne, ɗaya kuwa mai dama-dama, to, tare ɓarna ya fi gaggawa, maganar dattawa ta tabbata. Idan kuwa duk kanwar ja ce, me za ka saya da zuciyarka?

Ta uku: idan za a ba da ƙuri'ar dabara, a ba da ita rance, ba sadaka ba. A tafi a ƙungiya, a zauna da ɗan takara a gaban shaidu, a faɗa masa abin da ake so: rijiyar burtsatse a wuri kaza, rufin aji kaza, ma'aikaci a ɗakin shan magani. A kuma gaya masa cewa wanda ya ba da rance yana iya karɓe abinsa a zaɓe na gaba. Ƙuri'ar da aka ba da a ɓoye, ɗaya ɗaya, ba wanda zai san bashi ce, balle ya biya.

Daga ƙarshe, mu da ke zaune a nan, mene ne namu? Katin zaɓe yana aiki ne a rumfar da aka yi rajistarsa kaɗai. Wanda ya yanki nasa a Agege ba zai jefa a Mamudo ba, sai in ya nemi a mayar da shi tun da wuri, ba a fafe gora ran tafiya. Amma kowannenmu yana da gida da ke jin maganarsa, domin wanda ke aika kuɗin cefane ba a raina shawararsa. Mu yi amfani da wannan da tsoron Allah: mu ba da shawara, kada mu tilasta wa matanmu da ƙannenmu, ƙuri'arsu tasu ce. Waɗanda kuma suka yi rajista a nan, lissafin nan ya shafe su. A Agege, ko Sabon Badun, ko Shagamu, mu 'yan tsiraru ne a yawancin mazaɓu. Inda muke da yawan da za mu ci kansila, mu tsayar da namu. Inda ba mu kai ba, mu dunƙule mu yi ciniki na mutunci da wanda zai kare mana kasuwa da zaman lafiya da masu masaukinmu.

Shi kuwa ɗan'uwana direba, ga abin da na gaya masa. In ka koma da motarka, kada ka tsaya a Fataskum, ka ƙarasa Mamudo, ka zaga, ka ƙirga. In ka tarar mutumin nan yana da jama'a, ko kuwa ka tarar manyan sun riga sun raba abinsu, ka ba shi ƙuri'arka da zuciya ɗaya, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In kuwa ka tarar ƙuri'a kaɗan ce tsakanin garinku da mugun wakili, ka je wurin mutumin naka da kanka, ka gaya masa gaskiya, ku yi shawara tare da dattawan, ku ba da rancen da sharaɗi, ku kuma ci gaba da gina naku don gobe.

Shugaban taro, na ci lokacinku da yawa. Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure kuwa manya su gyara mini. Allah ya ba ƙasarmu shugabanni na gari, ya kai matafiyanmu gida lafiya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.